Filin Tambaya da Amsa: Rigar Ƙyalli da Karnukan Farauta a Zafin Saudiyya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mutumin Katsina ne, kuma shekarata shida ke nan ina aiki a wata gona da ke Al-Kharj, kusa da Riyad, inda nake kula da tumaki da karnukan farauta na kafilina, wato maigidan da ya ɗauki nauyin zamana da aikina a ƙasar. Da can saluki, wato dogayen karnukan farauta na Larabawa, uku ne kawai a hannuna, amma a hunturun da ya wuce ɗansa ya kawo wasu karnuka biyu daga Ingila, irin waɗanda ake kira wifet, masu kama da saluki, sai dai sun fi ƙanƙanta kuma gashinsu kwance yake luf a jiki. Da zafi ya shigo sai ya sayo musu riguna na raga masu ƙyalli kamar azurfa, ya ce muddin suna sanye da su rana ba za ta yi musu komai ba, saboda haka in ci gaba da fitar da su gudu bayan La'asar. Ranar Talatar da ta gabata, bayan zagaye biyu, macen ta tsaya cak, ta zazzago harshe, tana tangaɗi, sai da na saɓa ta a kafaɗa zuwa inuwa. Ta farfaɗo, amma hankalina bai kwanta ba. Shin rigar ce ba ta da amfani, ko kuwa ni ne ban iya sanya ta ba?

Daga wani mai karatu, Al-Kharj.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka game da yadda ka sanya rigar, domin ba nan matsalar take ba. Rigar tana da amfani, amma amfaninta guda ɗaya ne tak, kuma an ɗora mata nauyin da ba za ta iya ɗauka ba. Abin da ya sami karyar nan ranar Talata mafarin bugun zafi ne, kuma da ka bari ta ƙara zagaye ɗaya, da wataƙila wasiƙar da ka aiko mana ta zama ta neman yadda za ka yi wa maigidanka bayanin mutuwarta.

Rigar da kake magana a kai saƙa ce ta siraran zaren roba da aka lulluɓe da alminiyom, kuma irin ragar nan ce da manoma suke shimfiɗawa a saman rumfunan rainon tsiro domin rage musu zafin rana. Aikinta shi ne ta mayar da hasken rana baya kafin ya sauka a fatar dabba, ramukan ragar kuma su bar iska ta ratsa. Duk wanda ya taɓa tsayuwar Arfa a lokacin zafi ya san bambancin da ke tsakanin mai lema da marar lema, ya kuma san cewa lemar ba ta sanyaya iskar da yake shaƙa, ba ta kuma hana zafin ƙasa ratsa takalminsa. A Hajjin 2024 ma'aunin zafi a Masallacin Harami ya kai digiri 51.8, kuma alhazai sama da 1,300 ne suka rasu, alhali lema ba ta yi ƙaranci a wurin ba. To, rigar ƙyalli lema ce da kare yake yawo da ita a bayansa, ba ta wuce haka ba.

Zafi kuwa ta hanyoyi huɗu yake taruwa a jikin karen da ke gudu da yamma a Al-Kharj, rigar kuma hanya ɗaya kawai take tsarewa. Akwai hasken rana daga sama, wanda shi ne rigar take ragewa. Akwai hucin ƙasa daga ƙarƙashi, wanda yake dukan ciki da ƙirji da tafin ƙafa, inda rigar ba ta kai ba. Akwai iskar kanta, kuma wannan ne mutanen da suka ƙera rigar a ƙasashen sanyi ba su cika lissafawa da shi ba. Zafin jikin lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 da 39 da 'yan ɗigo, alhali a watannin Yuli da Agusta zafin rana a yankin Riyad yakan kai digiri 43 zuwa 45, kuma bayan La'asar bai riga ya sauka sosai ba. Idan iska ta fi jiki sanyi, kamar yadda take a Ingila ko da a tsakiyar bazararsu, duk iskar da ta ratsa ramukan ragar tana kwashe zafi ne ta tafi da shi. Idan kuwa iskar ta fi jiki zafi, to ƙara masa take yi, kamar mai fifita wa garwashi. Hanya ta huɗu ita ce mafi haɗari, wato zafin da naman jikin karen yake haifarwa da kansa lokacin gudu, kuma babu rigar da za ta iya mayar da wannan baya, tunda daga ciki yake tasowa.

A nan ne ya kamata ka san irin dabbar da aka ba ka amana. Wifet kare ne da masu haƙar kwal da ma'aikatan masaƙu na arewacin Ingila suka raina domin tsere da kamun zomo, har ana yi masa laƙabi da dokin sukuwar talaka, kuma ƙungiyar masu karnuka ta ƙasar ta amince da shi a matsayin jinsi mai zaman kansa a 1891. Nauyinsa bai cika wuce kilo 11 zuwa 18 ba, amma yana iya gudun kilomita 56 a awa ɗaya, kuma kusan duk jikinsa tsoka ce, ba kitse sosai ba gashi mai yawa. Wannan siffar tana sa shi saurin jin sanyi, shi ya sa a ƙasarsu aka saba ganinsa cikin riga, tana kuma sa mutane su zaci cewa zafi ba zai dame shi ba. Gaskiya ne cewa siririn kare mai dogon hanci ya fi mai kitse da gajeren hanci jure zafi idan yana kwance, amma da zarar ya zabura, tsokar nan takan hura wuta a jikinsa cikin mintuna kaɗan. Saluki ma ba ta tsira daga wannan ba, duk da cewa 'yar ƙasa ce, domin Larabawan ƙauye da suka san ta tun kaka da kakanni a lokacin sanyi suke farauta da ita, da sassafe ko da yamma liƙis, ba a tsakiyar bazara ba.

Wani bincike da masana na Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Masarauta da ke Landan suka wallafa a 2020, tare da takwarorinsu na Jami'ar Nottingham Trent, ya nuna cewa kusan kashi 74 cikin ɗari na karnukan da zafi ya buge a Birtaniya motsa jiki ne ya jawo musu, yayin da waɗanda aka bari a cikin mota ba su wuce kusan kashi 5 cikin ɗari ba. Masanan sun kuma gano cewa girehawun, wanda shi ne babban ɗan'uwan wifet, ya ninka karen labrado, wani sanannen jinsin kare da aka gwada sauran da shi, kusan sau huɗu wajen haɗarin kamuwa, kuma kusan ɗaya cikin kowane bakwai da zafin ya buge ya mutu. Wannan fa a ƙasar da idan zafi ya kai digiri 30 ake ta maganarsa a rediyo ke nan.

Dalilin da ya sa abin ya fi tsanani ga kare a kan mutum shi ne, mu gumi muke yi da dukan jikinmu, shi kuwa gumin da yake yi a tafin ƙafa ne kawai, kuma bai taka kara ya karya ba. Haki shi ne hanyarsa. Yana zazzago harshe, yana shaƙa yana fitarwa har sama da sau 300 a minti ɗaya, danshin hanci da baki da harshe yana tashi yana tafiya da zafi, daidai da yadda randa take sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowar da ke bushewa a bayanta. Saboda haka duk abin da ya matse masa ƙirji ko ya hana shi buɗe baki yana rage masa hanyar tsira. Idan kana sanya musu takunkumi lokacin gudu, ka tabbata irin mai kama da kwando ne, wanda kare zai iya wangale baki a cikinsa, kuma ka duba maɗaurin rigar kada ya ɗaure ƙirji tamau.

Shawarata game da lokacin fita ba ta da sassauci. Daga watan Mayu zuwa ƙarshen Satumba a daina gudun La'asar gaba ɗaya, a mayar da shi bayan sallar Asuba, lokacin da ƙasa ta kwana ta huce, a kuma gajarta shi. Bayan Magariba ma kada duhu ya yaudare ka, domin kwalta da duwatsu suna riƙe zafi har cikin dare. Ka ɗora bayan hannunka a ƙasa, idan ba za ka iya barinsa ka ƙirga bakwai a natse ba, to tafin kare ma ba zai iya ba. Na san cewa faɗa wa ɗan maigida an yi kuskure ba abu ne mai sauƙi ga mai aiki a ƙarƙashin kafili ba, kuma ban ce ka yi jayayya da shi ba. Ka gaya masa abin da ya faru ranar Talata tiryan-tiryan, ka tuna masa cewa hukuma da kanta tana hana sa ma'aikata aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na yamma, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba na kowace shekara, alhali su mutane ne masu gumi da bakin faɗin sun gaji. Wanda ya kashe kuɗi ya ɗauko kare daga Ingila ba zai so ya rasa shi ba, kuma idan ya nemi ƙarin tabbaci, ka roƙe shi ku je wurin likitan dabbobi tare da karyar, wadda dama tana bukatar a duba jininta da ƙodarta, domin illar bugun zafi takan ɓoye ta bayyana bayan kwana ɗaya zuwa uku.

Rigar kuma kada a jefar da ita. Tana da wurinta a watannin Maris da Afrilu da Oktoba da Nuwamba, lokacin da rana take da kaifi amma iska ba ta kai zafin jiki ba, musamman idan karnukan suna tsaye suna jira a fili inda babu bishiya. Tana kuma rage ƙunar rana a fatar baya, abin da yake da muhimmanci ga wifet mai farin gashi, domin irin waɗannan karnukan sukan kamu da ciwon dajin fata sakamakon yawan kwanciya a rana, yawanci a ciki da cinyoyi inda gashi ya fi ƙaranci. Amma inda na fi ganin amfanin wannan raga shi ne idan an sami babba an ɗaura ta a saman ɗakin karnukan, an bar tazara kamar kamu biyu tsakaninta da rufin kwano, domin a nan ne take aikin da aka ƙera ta dominsa. Idan aka haɗa da mukayyif sahrawi, wato na'urar sanyaya ɗaki mai amfani da ruwa, wanda yake aiki sosai a busasshiyar iskar Najadu, yankin da Riyad da Al-Kharj suke, da yashi mai danshi a ƙasa inda za su tona su kwanta, to an yi musu gata fiye da riga goma.

Sai maganar ruwa. Kare mai nauyin kilo 13 yana shan abin da ya kai kusan kashi uku cikin huɗu na lita a rana a lokacin da babu zafi, a bazara kuwa yana iya ninka wannan. Ka ajiye kwano fiye da ɗaya, a inuwar da ba ta gushewa idan rana ta juya, kuma ka tuna da abin da duk mazaunin ƙasar nan ya sani, cewa ruwan tankin saman rufi da wanda ya kwana a cikin tiyo a rana yakan fito kamar na shayi. Ka tara ruwa a baho ko a randa tun da dare, ka ajiye a inuwa, domin ranar da za ka bukace shi da gaggawa ba za ka sami lokacin jiran famfo ya huce ba.

Idan abin ya sake faruwa, Allah ya kiyaye, alamominsa su ne haki mai tsanani da ba ya lafawa ko an tsaya, harshe ya yi tsawo ya yi faɗi, dasashi ya yi ja wur, yawu ya yi kauri yana dalala, sannan tangaɗi da amai da zawo, wani lokaci da jini, daga nan sai faɗuwa da farfaɗiya. Idan ma'aunin zafi ya nuna digiri 41 ko fiye, rai yana cikin haɗari. Abin da likitoci suke koyarwa yanzu shi ne a fara sanyayawa kafin a kama hanyar asibiti. Ka cire rigar da takunkumi, ka kai shi inuwa, ka yi ta kwara masa ruwan sanyi a wuya da ƙirji da ciki da cinyoyi, kana fifita ko ka kunna fanka a kansa. Idan matashin kare ne mai lafiya kuma yana cikin hayyacinsa, ka tsoma jikinsa cikin baho, kansa a waje. Ka ba shi ruwa ya sha kaɗan-kaɗan idan yana so, amma kada ka ɗura masa. Idan zafin ya sauko wajen digiri 39 da rabi ka dakata, sannan ku tafi asibiti a cikin mota mai sanyi. Kada ka ba shi farasitamol ko wani maganin zazzaɓi na mutane, domin wannan ba zazzaɓi ba ne, kuma magungunan suna iya lalata masa hanta da ƙoda.

Akwai kuskure guda da har yau yake damuna idan na tuna. Wata bazara wani bawan Allah ya kawo mini saluki daga wata istiraha, wato gidan hutu, da ke bayan gari, ya naɗe ta cikin bargo da ya jiƙa da ruwa, ya kwantar da ita a bayan motar ɗaukar kaya, ya yi tafiyar kusan minti arba'in. Da na warware bargon na ji shi da ɗumi kamar tufar da aka sauke daga kan guga, gefensa har ya bushe ya yi tauri, ma'auni kuma ya nuna digiri 42. Mutumin yana tsaye yana maimaita cewa ai ya jiƙa shi sosai kafin su taso, kuma gaskiya ya faɗa, tausayi ne ya sa shi yin hakan. Karyar ba ta kai jibi ba. Jiƙaƙƙen tawul ko bargo shimfiɗa shi ake yi a ƙarƙashin dabba, ba a rufa mata ba, domin idan an rufa yana tsare zafin ne a jiki.

Tun yanzu da suke lafiya, ka saba musu da ruwa, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, aka wallafa a 2024, ya nuna cewa karnukan da aka koya wa tsoma kansu cikin bokitin ruwa da kansu bayan gudu sun fi saurin hucewa a kan waɗanda aka ɗaura wa ƙanƙara ko jiƙaƙƙen tawul. Koyarwar ba ta da wuya: ka jefa guntun nama a bokiti mai ruwa kaɗan, kullum kana ƙara ruwan, har ya zamana kare yana nutsa kansa zuwa kunnuwa kafin ya ɗauko.

TAMBAYA: Malam, ni ma aikina ya haɗa da ba karnukan gadi abinci da ruwa a wata gona kusa da Madina, kuma wasu abokaina suna cewa wannan aiki bai dace da Musulmi ba. Abin yana damuna.

AMSA: Ɗan'uwa, aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbobin farauta da aka horar suka kamo, hadisai ingantattu kuma sun yi izinin riƙe kare domin farauta da kiwo da tsaron gona. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ciko huffinsa da ruwa ya shayar da kare mai lasar ƙasa saboda ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kanta, kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai. Ka ware wa karnukan kwanoninsu, ka ware tufafin aiki da na salla tunda kana zaune cikin mutanen da mazhabarsu ta fi tsanantawa a kan yawun kare, sannan ka ci gaba da aikinka, kada kuma kwanon ruwansu ya bushe.

TAMBAYA: Ni direba ne a Jidda, kuma uwargidan da nake yi wa aiki tana da wifet guda. Tata rigar ba mai ƙyalli ba ce, irin wadda ake tsomawa a ruwa a matse a sanya wa kare ce. Wace ce ta fi?

AMSA: Ayyukansu daban ne. Mai ƙyalli tana mayar da hasken rana, ta ruwa kuwa tana sanyaya jiki ne yayin da ruwan da ke cikinta yake bushewa, don haka ƙarfinta ya dogara ga yadda iska take da ƙishirwa. A Riyad, inda danshin iska a bazara yakan sauka wajen kashi 10 cikin ɗari, tana sanyayawa sosai, sai dai tana bushewa da wuri, kuma da zarar ta bushe ta koma bargo, dole a sake jiƙa ta ko a cire. A Jidda kuwa, inda iskar Bahar Maliya take ɗauke da danshi har mutum ya fito daga wanka ya kasa bushewa, ruwan rigar ba ya tashi yadda ya kamata, sai ya ɗauki ɗumin jiki ya zauna. Danshin nan kuma yana raunana hakin karen kansa, shi ya sa digiri 36 a Jidda a watan Agusta ko Satumba yana iya fin digiri 41 na Riyad haɗari gare shi. Ka riƙa zura hannunka tsakanin rigar da fatarsa duk bayan minti goma, idan ka ji wurin da ɗumi ka cire ta nan take. Tunda kai ne mai tuƙi, ka sanyaya motar kafin a shigar da shi, ka taɓa kujera da ƙarfen bel ka ji, kuma kada a bar shi a ciki idan an kashe inji, ko da uwargida ta ce minti biyu kawai za ta yi a kanti.